Saurin Hannun Silas

"Wa ya aike ka? Silas, na ce wa ya aike ka?!"

Mahala ce ta tare shi a bayan rumbun auduga, da yamma bayan an tashi daga awo, idanunta jajur. Shi kuwa murmushi yake ta yi, a zatonsa godiya ta kawo.

"Ɗan abin da na zuba miki a buhu? Haba 'yar tsuntsuwata, na gaji da ganin shatin bulala a bayanki..."

"Wawa kawai! A gandun nan aka yanke maka cibiya, amma ba ka san halin sarkin gandu ba? Abin da sikeli ya nuna yau shi zai nema gobe, da jibi, har in mutu!"

Murmushin ya bushe a bakinsa.

Haka abin yake a gandunmu na bakin kogin Yazoo, can ƙasar Amurka. Kowane bawa da nauyin audugar da aka yanka masa. In ka gaza, bulala. In ka wuce, an ƙara maka ke nan har abada. Shi ya sa kowa ke ɓoye saurin hannunsa kamar yadda mace ke ɓoye cikin fari. Mahala na da hannu, amma rabin abin da ta tsinka a kwandon mahaifiyarta yake ƙarewa, Mama Hester, wadda sanyin ƙashi ya nannaɗe wa yatsu. Gara ta sha duka da a gane tsohuwar ta daina amfani.

"Yanzu me zan rage wa Mama?" in ji Mahala. "Maigida zai sayar da mutum ɗaya bana, kowa ya sani. Wa kake jin zai zaɓa?"

"Mahala, ni don ke na..."

"Kada ka ƙara kiran sunana!"

Kai, soyayyar yaran nan ta yi daɗin kallo. Furen auduga fari yake buɗewa da safe, kashegari ya koma ja. Silas yakan tsinko farin ya soke mata a ɗankwali, washegari ya ce ai kunyarta furen ya ji. Har alfadarin gandu, wanda ba ya tafiya sai an yi masa waƙa, muryar su biyun ya fi so. Duk wannan ya tsaya. Kwandon Mama Hester ya yi ta sauƙi, sarkin gandu na ta kallonsa.

Ranar da dillalin bayi ya zo, a gefen gona ya tsaya kan dokinsa. Maigida ya nuna masa tsohuwar da bakin sanda. Dillalin ya taɓe baki, amma bai ce a'a ba.

Sai Silas ya ɗaga waƙa, ya saki hannuwansa duka biyu.

Ba a taɓa ganin irin wannan tsinka ba. Auduga kamar ita ke tsallowa cikin buhunsa. Kafin na kusa da shi su kai rabin kunya, ya kai ƙarshe ya juyo.

"Silas!" Mahala ta yi raɗa daga kunyarta. "Rage hannu... ana kallonka!"

"Na sani."

"Ka haukace ne? Gonar rake za su kai ka! Ba a dawowa daga can!"

"Au, ashe kin tuna sunana?"

"Don Allah, masoyina... don Allah..."

Bai rage ba. Dillalin ya karkato da doki, ya manta da wata tsohuwa a duniya. Ya sayi Silas a madadinta, ya ce ran Litinin zai tafi da shi.

Ran Lahadi Mama Hester ta shimfiɗa tsintsiya a ƙofar bukkarta, don mu a lokacin tsallake tsintsiya shi ne ɗaurin aurenmu.

"Mama, auren kwana ɗaya?" in ji Mahala, tana kuka.

"Ni da ubanki ko shi ba mu samu ba. Kama hannunsa! Kai kuma ɗan nema, ɗaga ƙafa sosai, wanda ya taɓa ta shi za a juya a gida."

Silas ya shuri tsintsiyar da gangan. Aka yi dariya, aka ci burodin masara da zuma, aka yi kuka. Da gari ya waye aka sa masa sarƙa, aka yi kudu da shi.

Shekaru suka shuɗe, yaƙi ya zo, 'yanci ya biyo shi. Mutane suka watse neman 'yan uwansu. Mahala ba ta gusa ba, ta ce in ta tashi ina zai same ta?

Wata rana tana shanya a tsakar gida, wani ramammen mutum mai furfura ya tsaya a bakin danga. Injin matsar rake ya cinye masa yatsu biyu. Sun daɗe suna kallon juna.

"Mama fa?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Ta rasu bara. A kan gadonta, hannunta cikin nawa." Ta matso bakin dangar. "Tana 'yantacciya ta mutu, Silas. Ba wanda ya taɓa sayenta."

Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska, yana kuka. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta buɗe ƙyauren.

"Tashi, tsoho," ta ce. "Shigo gidanka."