Tanderun Maman Tobi

Ranar Laraba ce, washegarin da rediyo ya sanar an yanke Kebbi daga Sakkwato, gari ya waye da yayyafi a Illo, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Mutane na bakin kasuwa ana kiɗa ana yi wa juna barka, ita kuwa Mofeoluwa, Bayarabiyar da kowa ke kira Maman Tobi, tana durƙushe gaban tanderun burodinta tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Tun rasuwar mijinta Kehinde, wannan tanderun ne cinsu da shansu, ita da 'yarta tilo, Tobiloba, mai shekara tara.

"Tobi, shiga rumfa ki zaro mini busasshe daga ƙasan tari," ta ce.

Yarinyar ta dawo da rungumen itace, ta cusa a bakin tanderu. Wutar da ta ƙi kamawa tun safe ta yi tsalle lokaci guda, ta kama hannun yarinyar, ta bi ɗigon da ke ƙasa har cikin rumfa, sai wani abu ya fashe da ƙara. Kafin jama'a su iso da bokitai, rumfa ta tafi, tanderu ya rushe, wuta ta tsallaka danga ta cinye rumbunan maƙwabcinta Malam Zayyanu da akuyar matarsa da ke ɗaure, a watan da hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Da toka ta huce aka tono ƙonannun jarkokin fetur daga ƙarƙashin itacen.

Mutum ɗaya ne ke da makullin rumfar bayan ita, wato Tosin, ƙanin mijinta, mai kai kaya Benin a babur. Shi ne kuma ya tsaya gaban 'yan sanda, ya sake tsayawa gaban dattawan coci, yana share hawaye da hankici.

"Matar yayana ce, faɗin abin nan ciwo yake mini. Amma na sha yi mata faɗa a kan fasa-ƙwaurin fetur, ba ta ji ba."

"Buroda Tosin..." ta ce. "Dubi idona ka maimaita."

Ya dubi idonta ya maimaita.

Tana tsare lokacin da likita ya yanke wa Tobi yatsu uku, ba ta nan ta riƙe ta. Da ta fito ta tarar dattawa sun dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, matan zumuntar coci sun karɓe zanen ƙungiya, dangin miji sun aiko daga kudu cewa fili da ɗakin marigayi su koma hannun Tosin, tunda matar ta zubar musu da mutunci. Ta kwashe tsummokaranta ta zauna gindin darbejiya da yarinya a cinya, ba ta san inda za ta nufa ba. Nan Sabuwa, matar Malam Zayyanu, ta same ta.

"Tashi ki shigo, Maman Tobi. Malam ya ce uwa ba ta aika ɗiyarta cikin fetur tana sane. Mu abin da munka gani ke nan."

Haka ta koma zama a gidan mutanen da wutarta ta bari da yunwa. Ta yi surfe, ta yi wankau, ta yi jinyar hannun Tobi da ruwan gishiri da zuma har ya warke a nannaɗe. Kowace Lahadi takan je coci ta zauna a bencin ƙarshe, tana kallon Tosin cikin sabuwar riga yana zaga farantin baiko. In an zo Addu'ar Ubangiji takan bi jama'a har zuwa inda ake roƙon gafara gwargwadon yadda mutum ya gafarta wa wasu, sai ta rufe baki, hawaye na zuba.

"Mama, kullum a nan kike yin shiru," Tobi ta ce wata rana.

"Ba na son in yi wa Allah ƙarya ne, 'yata."

Damina uku ta wuce a haka. Sannan wata rana da tsakar zafi babur ɗin Tosin ya zame a hanyar iyaka da jarkoki ɗaure a bayansa, wuta ta tashi da shi. Abokan sana'arsa suka watse. Asibiti suka yi abin da za su iya suka sallame shi, aka kawo shi a amalanke aka shimfiɗe a ɗakin da ya ƙwace. Dangi ba su zo ba, matan zumunta sukan ajiye abinci a ƙofa su juya saboda wari. Danga ce kawai tsakanin ɗakin da gidan Malam Zayyanu, don haka Mofeoluwa na jin nishinsa tana daka, tana ji tana wanki. Ta ce a ranta Allah ne ya kama shi, ta jira ta ji sanyi a zuciya, ba ta ji ba. Nishin irin na Tobi ne sak, lokacin da ake ɓare tsumma daga nama.

Ta dafa ruwa, ta zuba gishiri, ta ɗauki kwalbar zuma.

"Ke kuwa ina za ki da wanga kaya?" Sabuwa ta tambaya. "Ga mutumin da ya tozarta ki?"

"Ba don ya cancanta ba, Yaya Sabuwa. Ni ma Yesu bai jira na cancanta ba. Kuma na gaji da ɗaukarsa a ƙirjina."

Da Tosin ya ga wadda ta shigo, sai ya juya fuska ga bango. Ta kore ƙudaje, ta wanke gyambon, ta shafa masa zuma. Ta koma washegari, ta sake komawa. Wata safiya ya fashe da kuka.

"Anti, ni ne... Ni na ɓoye jarkokin, don na san ba a binciken rumfar gwauruwa. Ki yafe mini, don Allah!"

"Na riga na yafe, tun ranar da na dafa ruwan nan. Amma ƙaryar ba a ɗaki ka yi ta ba, Buroda Tosin."

Ranar Lahadi aka ɗauko shi a kujera zuwa coci, ya faɗi komai gaban jama'a, Malam Zayyanu na tsaye a waje yana ji ta taga. Mata suka sa kuka. Dattijon da ya dakatar da ita ya miƙe yana goge gumi.

"To, alhamdu, 'yar'uwarmu ta yafe, magana ta wuce. A manta da komai."

"Baba, nawa na yafe," ta ce. "Sunana da ɗakina da shekaruna. Rumbu na Malam ne, hannu kuma na Tobi ne, ba ni da ikon kyauta da su. Mantawa kuwa, ta yaya? Kullum ni nake ɗaura wa Tobi zane."

Malam Zayyanu ya ce ya bar shi da Allah. Aka juya ga Tobi, ta ɓoye hannun a bayanta.

"Ban shirya ba tukuna," ta ce.

Uwar ta jawo ta jikinta, ba ta matsa mata ba. Da aka zo addu'a, Mofeoluwa ta bi ta tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake komai ba.

Tosin ya warke hannuwansa biyu a ƙanƙame, bai sake riƙe kan babur ba, hukuma kuma ta zo ta tafi da shi. Ba ta kai ƙararsa ba, ba ta kuma yi ƙarya don ta cece shi ba, burodi dai takan aika masa. An mayar mata da filinta, mazan coci da Malam Zayyanu suka kwaɓa ƙasa tare suka gina sabon tanderu, har daga ƙetaren iyaka ake zuwa saro.

Abin da aka rasa kuwa shi ne tanderu ɗaya, rumfa ɗaya, rumbu biyu na dawa, akuyar Sabuwa da ke ɗaure, damina uku, hannu biyu na Tosin, da yatsu uku na Tobiloba. Tanderu da rumfa da rumbuna an sake ginawa.