Ita Kaɗai A Jirgin Iyalai

"Sauran mutanen gidan fa, Doktora? Suna ɗaki ne?"

Rawiya ta miƙa wa Girgis, shugaban masu hidimar abinci, katin ɗakinta ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ni kaɗai ce."

"Ke kaɗai?!"

Yadda Girgis ya ɗaga murya sai ka rantse cewa ta yi ta shigo da kada a jaka. Matan teburin kusa suka juyo, suka ƙare mata kallo tun daga takalmi har gyale, sannan suka sauke ido a kan yatsunta da babu zobe.

Hutun rabin shekara ne, jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Luksor zuwa Aswan kuwa a irin wannan lokaci na iyalai ne. Ko'ina yara, wannan ya ɓarar da miya, waccan tana ihu an ƙwace mata cokali. Kuma dokar ɗakin cin abinci ɗaya ce, inda aka zaunar da kai ranar farko nan za ka ci har a sauka.

"Mace ta ci abinci ita kaɗai a jirgina? Wallahi ba da ni ba!" in ji Girgis. "Biyo ni."

Ya kai ta wani ƙaramin tebur a lungu, inda wani dattijo mai rawani da matarsa ke zaune.

"Ammu Abdurradi, na kawo muku 'ya."

Tsohuwar ta janyo kujera da sandarta.

"Zauna 'yata. Ni ce Ummu Ga'ib."

Rawiya ta san ma'anar sunan. A kudancin ƙasar haka ake kiran matar da ba ta taɓa haihuwa ba, uwar wanda bai zo ba. Duk teburan jirgin nan, a rasa inda za a ajiye ta sai nan! Ta ja farantin miyar lalo gabanta, amma ko loma uku ba ta iya kaiwa ba.

Wata huɗu ke nan da aka yi mata tiyata. Ta shiga a kan ƙari ne za a cire, ta farfaɗo aka ce jini ya ƙi tsayawa, sai da aka haɗa da mahaifar. A lokacin saura wata biyar bikinta da Mu'utaz, injiniya a tashar jiragen ruwa ta Safaga. Shi dai abin da ya sani an yi aiki an gama lafiya. Tana ta neman bakin da za ta gaya masa, sai Shirin ta riga ta. Shirin 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, ma'aikaciyar jinya a asibitin, kuma tun suna yara take ɗinka wa kanta rigar amarcin Mu'utaz a zuci. Ta leƙa takardun da ba nata ba, ta kwashi labari sai kunnen Hajja Ihsan, mahaifiyar Mu'utaz.

Da Hajja Ihsan ta zo da faɗa, da Rawiya ta san yadda za ta yi da ita. Amma da ledar lemo ta zo kantin maganin Rawiya a Mansura, ta kama hannunta tana kuka.

"Shi kaɗai gare ni 'yata... in kika gaya masa ba zai bar ki ba, na san ɗana. Ki taimake ni ki bar shi."

Washegari Rawiya ta mayar da zobe da gwal ɗin baiko. Ta ce wa Mu'utaz ta daina sonsa, ta rufe lambarsa. Ƙaryar da ta fi kowace ƙona mata baki ke nan a rayuwa.

Jirgin nan kuma da gangan ta zaɓe shi. So take ta gwada kanta, ta ga ko za ta iya kwana huɗu a tsakiyar 'ya'yan mutane ba ta tarwatse ba. In ta iya, to za ta iya sauran rayuwar ita kaɗai. Dabarar mai baƙin ciki ke nan, ya ji ciwo ya je yana danna wurin.

Kwana na biyu da la'asar jirgin ya tsaya a layi yana jiran a buɗe masa ƙofar ruwa ta Isna. Masu kwale-kwale suka kewaye shi suna cillo riguna da mayafan sayarwa sama, yara na tsalle suna cafewa. Ammu Abdurradi na tsakiyarsu, rawaninsa ya karkace, yana ihu fiye da kowa.

Rawiya ta sami Ummu Ga'ib a inuwa tana ɓare 'ya'yan kabewa.

"Dubi tsohon nan don Allah," in ji tsohuwar. "Gwiwa ta hana shi ruku'u, amma ba ta hana shi tsalle ba."

Rawiya ta yi murmushi, ta zauna kusa da ita.

"Inna... me ya sa kuke zuwa wannan jirgin? Ba ya yi muku ciwo?"

Tsohuwar ta dube ta da gefen ido.

"Ke ma me ya kawo ki? Tun jiya nake lura da ke. Duk jaririn da aka wuce da shi sai kin dafe ciki."

Shi ke nan, abin da Rawiya ta riƙe wata huɗu ya ɓalle. Ta kifa kai a cinyar matar da jiya-jiya ta santa, ta faɗi komai. Ummu Ga'ib ba ta ce mata yi haƙuri ba, bayanta kawai take bubbugawa har ta yi shiru.

"Ba zan yi miki ƙarya ba 'yata, babu daɗi. Shekara arba'in da ɗaya da aure, har yau in aka yi suna a layinmu sai na nemi ciwon kai na ƙarya. Shi ne mai son hayaniyar nan. Kwana huɗu a shekara yana zama kakan kowa. Ni kuma ina kallonsa, wata rana na yi dariya, wata rana na shige ɗaki na yi kukana."

"To kin gani! Abin da nake guje wa Mu'utaz ke nan."

"Kin tambaye shi?"

Rawiya ta kau da kai.

"Na ce kin tambaye shi?"

"A'a..."

"Wa ya naɗa ki alƙali a kan zuciyar bawan Allah? Ni sau uku ina ɗaure kayana na koma gidan ubana don ya samu mai haihuwa. A na ukun ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce, Nafusa, Allah ya hana ni 'ya'ya na karɓa, ke kuma da wane dalili za ki hana ni mata?" Ta tofar da ɓawon kabewa. "Wataƙila naki ya gudu, maza ba duka ɗaya ba ne. Amma ki bar shi ya gudu da ƙafarsa. Yanzu can yana zaune yana lissafin laifin da ya yi miki, alhali bai yi komai ba. Wannan ba sadaukarwa ba ce, zalunci ne."

Maganar ta yi wa Rawiya zafi, don ta san gaskiya ce. Kafin a kira magariba ta buɗe lambarsa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Rawiya?! Rawiya, ke ce?"

"Gobe da la'asar jirginmu zai tsaya Kom Ombo na awa biyu. Akwai maganar da na ɓoye maka."

Ta kashe kafin muryarta ta tona mata asiri.

Da suka iso, jirage sun yi jere gefe da gefe, sai da ta ratsa ta cikin guda uku kafin ta taka ƙasa. Yana tsaye a bakin matakala, ya rame, gemu ya taru, rigarsa duk ƙurar hanya. Zoben baikon na nan a hannunsa na dama.

Suka zauna a wurin mai shayi. Shayin ya zo ya huce babu wanda ya taɓa.

"Ki faɗa mini ko mene ne, raina. Wani ne?"

"Babu wani."

"To me na yi?"

"Ba ka yi komai ba..." Ta damƙe gefen teburin. "Mu'utaz, ba zan haihu ba. Ba wai da wuya ba, ba wai sai an yi magani ba. Sun cire mahaifar."

Yau ne karo na farko da ta faɗa masa kalmomin da bakinta. Ta ci gaba, ta gaya masa zuwan Hajja Ihsan da aikin Shirin, tana kallon yadda fuskarsa ke sauyawa.

Ya miƙe, ya gangara bakin ruwa, ya tsaya ya ba ta baya.

Minti biyar. Minti goma.

Tana hango kafaɗunsa suna rawa. Ta tuna ranar da suka zauna suna musu a kan sunaye, shi yana Tamim ita tana Yazid, har ya ce to a haifi biyu a huta. Ta ce a ranta, shi ke nan, ya tafi. Abin mamaki, duk da zuciyarta na tsagewa, ta ji wani nauyi ya sauka. Ko ba komai yanzu ya san ba ta taɓa daina sonsa ba.

Jirgin ya yi ƙahon farko.

Ta ɗauki jakarta ta miƙe, sai ga shi yana hawowa, idanunsa jajur.

"Zauna."

"Jirgin zai..."

"Na ce ki zauna, Rawiya!"

Ta zauna.

"Ina son 'ya'ya," ya ce, muryarsa a dishe. "Ba zan ce miki ba na so ba. Yanzun nan na binne su a bakin ruwan can, kuma na san zan sake yin kukan nan ba sau ɗaya ba."

"Shi ya sa na..."

"Shi ya sa kika yi naki kukan ke kaɗai wata huɗu? Nawa ne su ma! Da ni ya kamata ki yi shi!" Ya share fuska da hannun riga. "Wata huɗun nan na ɗanɗana zama babu ke. Na gwada, ban iya ba. Wancan kuwa zan koya, in kina kusa."

"Za ka yi nadama, masoyina... wata rana za ka ga ɗan abokinka ka juyo ka kalle ni."

"Zan kalle ki, ke ma ki kalle ni, mu koma gida tare."

Ya ciro waya ya ajiye a tsakaninsu, ya kira mahaifiyarsa, ya buɗe muryar wayar yadda Rawiya za ta ji.

"Mama, ina Kom Ombo tare da Rawiya. Ta gaya mini komai."

Ya ƙara sunkuyowa kan wayar.

"Ban kira don na yi miki faɗa ba, na san tsoro ne ya sa ki. Amma bikin na nan, Mama. Ina roƙon ki sa mana albarka."

Suka ji numfashin Hajja Ihsan, suka ji sheshsheƙa, sannan layin ya katse.

Jirgin ya yi ƙaho na biyu. Can a bakin mashigar jirgin Ammu Abdurradi ya kafa sanda ya hana ma'aikata janye katako, yana rantsuwar babu inda za a je sai 'yarsa ta shigo.

Mu'utaz ya daɗe yana kallon wayar. Bai taɓa kwana uwarsa na fushi da shi ba, Rawiya ta san haka, ta kuma san abin da ya ajiye a teburin nan saboda ita.

"Ta kashe," ya ce a hankali. "Zan sake kira gobe. In ta kashe na kira jibi."

Rawiya ta goge idonta da gefen gyale, ta jawo wayar gabanta.

"A'a. Ni ta roƙa na bar mata kai, ni ce na amsa mata da to." Ta ɗago ta dube shi. "Gobe ni zan kira ta, na ce mata na fasa barinka."