Ƙwan da Maman Lele ta tsaga

Rana ta faɗi, abinci ya huce a kwano, Baban Lele bai fito daga ɗakin macizai ba. Sana'arsa ke nan, kiwon mesa, yana kai 'ya'yan gidajen ajiye namun daji, kuma Maman Lele ba ta taɓa ƙin sana'ar ba tunda da ita ake ci. Abin da ya tsaya mata a rai ƙwai ne. Tun da mesar da ya kamo a tsohuwar rijiyar bayan gida ta yi ƙwai, ya kwashe su ya jera a akwatin ƙyanƙyasa, mutumin nan ya zama baƙo a gidansa. Ya auna zafi, ya yayyafa wa yashi ruwa, ya haska ɓawo da tocila yana murmushi shi kaɗai. Ita da ta yi naƙudar Lele, 'yarsu tilo, ba ta ga irin wannan jinyar ba. Kishi take yi, ta kuma san da ƙwai take kishin, shi ya fi ƙona mata rai.

Duk sun ƙyanƙyashe sai ɗaya. Da Baban Lele ya fito zai yi alwala ta tare shi.

"Baban Lele, ka tsaga shi mana mu huta."

"Ai abokan sana'a ma sun rabu biyu a kan haka," in ji shi. "Wasu su ce a tsaga, kar ya kasa fasa ɓawon ya shaƙe a ciki. Amma in kika yanka jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, kin kashe shi da hannunki. Zan ba shi lokaci."

"Lokaci! Mu ma da ka sam mana kaɗan."

Ko ya ji ko bai ji ba, ya sa takalmi ya nufi masallaci. Ita kuwa ƙafarta ba ta tsaya ko'ina ba sai ɗakin. Ga ƙwan nan shi kaɗai cikin ɗumi kamar ɗan gata, ga ɗan almakashi a gefe. A ranta ta ce in ya fito yau, gobe mijinta ya dawo cikin mutane. Ɓawon da taushi kamar fata. Ta tsaga kaɗan, jini ya tsatso, wani ɗan ido ya dube ta daga ciki ya ja baya. Ta juya tsagar wajen bango, ta rufe akwatin ta fito.

Ba ta kai bakin madafa ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo, wani ya sake biyowa, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ta leƙa waje, layin shiru, ba yaro ko ɗaya. Duwatsun da ta tsinta a tsakar gida jiƙaƙƙu ne, suna warin tsohon ruwa.

Washegari da magariba aka sake, har da murya ta mace, ƙasa-ƙasa, tana bin bango tana tambaya: "Wa ya buɗe?" Baban Lele ya ga tsagar, ya ɗauka ɗan mesar ne ya fara fasawa, har da murna. Maman Lele ta bar shi da murnarsa. A yamma ta uku suka nemi Lele suka rasa, sai ga ta a ɗakin macizai, yarinyar da ko ƙofarsa ba ta son bi, ta naɗe jikinta da akwatin. Jikinta sanyi ƙalau, idonta ba ya ƙiftawa. Uwar ta kai hannu, Lele ta yi mata wani huci da ya sa ta ja da baya. Uban ne kaɗai ta bari ya taɓa ta, kuma ko a cikin wannan tashin hankali sai da Maman Lele ta ji zafin hakan.

Aka ɗauko malam, wani dattijo marar hayaniya da ya saba da irin wannan aiki. Ya zauna a bakin ƙofa ya fara karatu, duhu yana shigowa. An daɗe kafin bakin Lele ya buɗe, muryar kuwa ta tsohuwa ce.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"A rijiya nake tun ba a gina gidan nan ba. Ban taɓa haihuwa ba. Mesar nan ina gadinta tun tana ƙarama, na zaɓi ɗaya a cikin nata ya zama nawa. Ya kwashe su, na yi haƙuri, na biyo su ina jira ya fito don kansa in fara ganin fuskarsa." Kan Lele ya juyo a hankali ya tsaya a kan uwarta. "Wannan ta riga ni. Tana da tata, ba ta ishe ta ba, sai da ta leƙa nawa tun bai nuna ba. To ni ma na shiga tata."

Baban Lele ya dubi matarsa, ya kau da kai. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

"Ba a biyan ƙwai da ɗan Adam," in ji malam. "Ki fita."

"A bar min ita har ya warke. In ya mutu na zauna."

"Rai ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannunta ba." Ya ɗaga murya da karatu, Lele ta shiga birgima tana ihu har akwatin yana girgiza.

"Na yarda! A mayar min da shi bakin rijiya da ɗuminsa. Hannun da ya tsaga shi ne zai kawo. Kar ta waiwaya."

"Ki rantse za ki fita, ba ke ba komowa."

Ta rantse da wanda ya halicce ta.

Baban Lele ya ɗago ƙwan da yashinsa ya sa a tafin matarsa. Ya nuna mata ɗigon fensir a samansa. "Wannan ya zauna a sama. In ƙwan ya juya, ɗan ya nutse a ruwansa." Ya haɗa hannayenta da nasa ya gyara mata riƙon. Ta manta rabon da ya riƙe mata hannu haka.

Ta fita tana taka ƙasa kamar mai ɗauke da ruwa a faranti, ta manna ƙwan a ƙirjinta don kar iska ta buge shi. Tana jin abin yana motsi kaɗan-kaɗan, tana roƙon Allah ya raya shi, ita da ta fi kowa ƙinsa. A bakin rijiya ta durƙusa ta ajiye. Wasu yatsu masu sanyi suka goge nata, wani ya sauke numfashi a bayan kunnenta. Ta miƙe ta juyo gida, wuyanta a sandare.

Tana isa ƙofa Lele ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Malam ya shafa addu'a. Maman Lele ta zube a gabanta, hannayenta duk yashi da jini, ta buɗe su tana kuka. Yarinyar ta buɗe ido, ta dube ta, ta dubi bayanta.

"Baba," in ji ta, ta miƙa masa hannu.

Ya rungume ta yana kiran sunanta. Maman Lele ta gode wa Allah, da gaske ta gode, amma kishin yana nan daram a ƙirjinta. Ta tashi ta je ta wanke hannunta.