Allurar Baya

"Ba wanda zai soka miki allura a gadon baya!" Inna ta faɗa, ta damƙe hannuna. "Gurgunta mutum take yi."

Washegari za a yanke min wani sashe na hanji, ga bikina ya matso.

Likitar kashe zafi ta jawo kujera ta zauna.

"Inna, barci za mu sa ta a yi aikin. Maganar bayan ta farka muke yi. Ko mu sa mata siririn bututu a baya yana ɗiga magani, ko allura a gefen ciki, ko magani ta jijiya, sai dai shi yakan sa jiri da tashin zuciya. Da na bayan za ta fi iya tari da jan numfashi. Kowanne da haɗarinsa, amma gurguncewa da wuya ƙwarai."

Na dubi Dogo, wanda zan aura. Na san abin da ke damunsa. 'Yar gwaggonsa da ta daɗe tana sonsa ta gaya wa mahaifiyarsa wai a keken guragu za a kawo amarya. Mahaifiyar ta ce a ɗage biki.

"Kai me ka ce?"

"Jikinki ne, masoyiya. Ni dai ranar biki tana nan."

"Ko da na..."

"Ko da me? Ai na iya tura keke."

Na yi dariya har cikina ya murɗa. Na zaɓi ta bayan.

Da na farka ban ji zafi ba, amma ƙafata ta hagu ta yi nauyi kamar ba tawa ba.

"Inna, ba na jin ta!"

Inna ta sa salati. Dogo ya kwasa da gudu ya kira likita. Ta duba ni sosai, ta rage maganin.

"Yakan faru. Zan riƙa leƙowa."

Kafin la'asar yatsuna suka motsa. Dogo ya juya baya yana share ido, wai ƙura ce.

Da gari ya waye ina takawa a baranda, jingine da kafaɗarsa, sai ga mahaifiyarsa. Ta tsaya tana kallonmu.

"Sannu, 'yata."

"Yauwa, Umma."

Ta harari ɗanta. "Kai, matsa can! Haka ake riƙe mara lafiya?"

Ta saƙalo hannuna a nata. Muna tafe a hankali ta ce tela na jiran awona, in hanzarta in warke.