Gawa a Cikin Loda Mai Taya

Rana ta ɗan karkata lokacin da waya ta shigo ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar dattijo Harlan Stroud a makiyayarsa, cikin injin share daji.

Sufeto Orval Ketchum ya san Harlan tun yana yaro. Duk wanda ke kiwon shanu a wannan yanki na gabashin Oklahoma ya san shi, ya kuma san yadda itacen sida, wata bishiya mai saurin yaɗuwa, ya cinye masa rabin makiyaya. Bana tsohon ya rantse sai ya ga bayan dajin.

Da Sufeto ya isa tare da Saje Purvis, ƙananan loda biyu suka tarar, injinan nan na kwasar kaya. Ɗaya mai ƙafar bel irin ta tankar yaƙi, an ajiye ta ƙarƙashin inuwa, gabanta ba komai. Ɗayar mai taya ce, an ɗaura mata kan niƙa, wata ganga mai haƙoran ƙarfe da ke mayar da itace dusa. A cikinta gawar take. Gilashin ƙofa ya tarwatse, ga guntun waya mai ƙaya a cinyar mamacin, ga rauni a gefen kansa.

Surukinsa Wade Bascom, mijin 'yarsa Twila, yana tsaye yana murza hula.

"Ni na gan shi, Yallaɓai. Injin ya cafki tsohuwar wayar shinge ya wurgo masa. Sai da na ce wa Baba ya bar aikin nan, ya ƙi ji."

"Kana ina lokacin?"

"Can bayan gida, ina gyaran kwamin ruwan shanu."

"Lodocin na wa ne?"

"Na Gene Vickery ne, dillali. Ya kawo su Baba ya gwada ya zaɓi ɗaya. Ni ko tuƙa su ban iya ba."

Sufeto ya jira har ma'aikatan asibiti suka ciro gawar, sannan ya leƙa cikin lodar. Ya daɗe yana kallon kujera kafin ya yafito Saje.

"Me ka gani?"

"Gilashi, Yallaɓai."

"A ina?"

Saje ya sake dubawa, sai ya yi ƙasa da murya. "A kan kujera. Inda yake zaune."

"Mutumin da gilashi ya fashe a gabansa, a cinya yake samunsa. Wannan a kan gilashin aka zaunar da shi. Ka ja bakinka tukuna."

Kafin su tafi Saje ya leƙa gida ya yi wa Twila 'yan tambayoyi. Daga nan suka nufi garejin Gene Vickery a bakin gari. Suka same shi yana ta sharce gumi, alhali iska na kaɗawa.

"Yaushe rabonka da gonar Harlan?" in ji Sufeto.

"Tun ranar da na sauke injinan. Ban koma ba."

Saje ya yi murmushi. "To fatalwarka ce ta ci ƙwai da biskit a teburinsu yau da safe? Twila ta ce har ƙari ka nema."

Gene ya zube a kan kujera.

"Orval, ka san ni. Tsoro ne. Na ji an ce gilashi ya fashe, na ce shi ke nan, za a ce ni na ba tsoho injin da ya kashe shi."

"Kai ka ba shi?"

"Ina! Ai mai tayar don ɗaukar ciyawa da tsakuwa na kai ta, ko zai so mai sauƙin kuɗi. Famfon man da ke ba ta ƙarfi ƙarami ne. In ka ɗaura mata wancan kan niƙa, sai dai ta yi ta tauna itace kamar tsohuwar saniya. Ga ƙofar gilashi. Harlan ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce, 'Gene, na tsufa, amma ban gaji da duniya ba.' Mai bel ya zaɓa. Famfonta babba, ba ta nutsewa a taɓo, kututture ba ya huda ta, ƙofarta kuma roba ce mai kauri, ko guduma ka sa ba ta tarwatsewa. Da hannuna na ɗaura mata kan niƙan, a gabana ya shiga ya rufe ƙofa."

"Wa ya ga haka ban da kai?"

"Wade. Yana ta bin tsohon yana cewa a bari sai baɗi, ko a fara ta wajen titi. Harlan ya ce a'a, ta bakin rafi zai fara."

Sufeto da Saje suka kalli juna.

Suka koma gonar ba su bi ta gida ba. Lodar mai bel suka fara dubawa. Jikinta duk jar dusar sida, har cikin ragar injin, ga fulas ɗin kofi na Harlan a gefen kujera. Mai tayar kuwa fes take, kamar ba ta taɓa kusantar itace ba. Sawunta ma gajere ne, daga inuwa zuwa inda aka tsayar da ita.

Sawun bel shi ne ya yi nisa. Suka bi shi ta kan filin da aka niƙe, ƙamshin ɗanyen sida na shiga hanci, har gangaren rafi. A nan aikin ya tsaya cak. An jawo rassa an toshe wata kafa, ganyensu ko bushewa bai yi ba.

"Janye su," in ji Sufeto.

Saje ya ja reshe biyu, sai ya ja da baya.

Wata shuɗiyar a-kori-kura ce kwance a cikin duhuwa, ciyayi sun nannaɗe ta. Gabanta ya loɓa ta dama, gilashin ya tsage. A ƙasa kusa da taya akwai wani dutse da aka kifa. Sufeto ya juya shi da takalmi. Jinin bai gama bushewa ba.

Ya tsaya yana kallon motar. Ya san ta. Shekara biyu da suka wuce, a gabansa Wade ya kawo rahoton an sace masa ita. A wancan makon ne kuma wata mota ta banke Malama Opal Renfro, tsohuwar malamar firamare, tana tafiya a gefen titi, direban ya gudu. Har yau mijinta, dattijo Renfro, yakan leƙo ofis ya tambayi ko akwai labari.

A ɗakin girki suka sami Twila zaune, idanunta sun kumbura. Wade na tsaye a bayanta ya dafa kafaɗarta.

"Twila, ki gafarce ni," in ji Sufeto. "Mijinki ya iya tuƙa loda?"

Ta ɗago cikin mamaki. "Wade? Ai aikinsa ke nan kafin mu yi aure. A kamfanin gini."

Wade ya yi caraf ya ce, "Ta ruɗe ne, Yallaɓai, wancan wani irin inji ne daban."

"Zauna, Wade."

Bai zauna ba. Idonsa ya kai ga ƙofar baya. Saje ya riga shi zuwa wurin, ya jingina da ita.

"Harlan bai taɓa shiga mai taya ba," in ji Sufeto. "Ka so a ce waya ce ta kashe shi, amma ƙofar mai bel ba ta fashewa. Sai ka cire kan niƙan ka mayar wa ɗayar, ka fasa gilashi, ka ɗora shi a kai. Mun fito daga bakin rafi yanzu. Mun ga motarka."

Twila ta juyo. "Wace mota? Wadda aka sace?"

Wade ya janye hannunsa daga kafaɗarta.

"Na sha giya ranar," ya ce da ƙyar. "Ban ga Malama Opal ba sai da na ji ƙara. Na tura motar cikin dajin, na ɗauka ba mai shiga wurin har abada. Yau da Baba ya gan ta, ya sauko ya kira ni. Ya ce, 'Wade, Opal ce ko?' Na durƙusa ina roƙonsa. Ya ce ko in kai kaina, ko shi ya kai ni. Ya juya zai tafi... Dutsen yana nan kusa da ƙafata."

Twila ta miƙe a hankali, ta matsa can nesa da shi har bayanta ya taɓa bango.

"Kai ka ɗauki akwatin gawarta, Wade," ta ce. "Ina kallonka a coci."

Saje ya sa wa Wade ankwa, ya sanar da shi haƙƙinsa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Twila ba ta leƙa ko ta taga ba.

Sufeto ya zauna da ita har maƙwabciyarta ta iso, sannan ya fito.

"Ofis, Yallaɓai?" in ji Saje.

"Kai shi. Ni zan biya wani wuri."

Ya shiga tasa motar, ya kama hanyar gidan Renfro. Ya tarar da tsohon zaune shi kaɗai a baranda. Da ya ga Sufeto ya fito daga mota ya cire hula, sai ya dafa kujera ya miƙe tsaye.

"Orval," ya ce. "An samu?"

"An samu, Baba. Zauna in gaya maka."