Mai Tumakin da Darcy Bai Ƙi Ba

Ranar Laraba da hantsi magatakardan kotun garinmu, a yammacin jihar Victoria, ya kira Sufeton 'yan sanda Glenys Pappas. Awartakin da aka kawo shaida a shari'ar satar tumaki, wanda aka cire musu alamar kunne da shi, ya yi ɓatan dabo a ɗakin mutum sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci. Alƙali ya sallame su, ya ba da izinin bincike.

Sufeto ba ta caje kowa ba, takardar ranar zaɓensu ta nema. Ka'idar ita ce a kira lambar mutum da sana'arsa, ya bi ta gaban wanda ake tuhuma. Shi kuma yana da damar cewa "ban yarda ba" sau uku, ba sai da dalili ba, muddin mutumin bai zauna cikin sha biyun ba. Wanda ake tuhumar, Darcy Quill, sau biyu kawai ya ƙi.

Ta tare lauyarsa. "Ana tuhumarsa da satar tumaki, ya bar mai tumaki ya zauna?"

"Har zungurinsa na yi," in ji lauyar. "Ya yi mini kunnen uwar shegu."

Mai tumakin Merv Hanrahan ne, dattijon da ke raba mana shayi a coci. Ni kaina da na rantse a kansa.

Sufeto ta zaunar da shi a zauren kotun. "Ka san Darcy, Merv?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Sufeto."

"An ce ranar zaɓe sai da aka ce ka ɗaga ƙafa da ka zo gabansa."

"Gwiwa ke damuna."

Ta ajiye hoton awartakin. "Gwiwar ce ta naɗa masa shuɗiyar roba, irin ta kayan aikin bayan motarka?"

Merv ya daɗe yana murza hularsa.

"Nawa ne. Yana ƙarƙashin kujerar mota. A gonata muka ɓoye tumakin. Da alƙali ya ce wanda ya san shi ya tashi, in na tashi ai sai a ce a ina? Na ce Darcy zai ƙi ni. Na rage tafiya, ina roƙonsa da ido. Murmushi ya yi mini. Kwana uku yana kallona, na san in aka ɗaure shi zai ambaci sunana. Sannan aka miƙo mini awartakina, wai in duba."

Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba.

Sufeto ta riƙe hannunsa, suka bi ta gaban akwatin wanda ake tuhuma, inda Darcy ya tsaya ranar zaɓe. Wannan karon Merv bai rage tafiya ba.