Kujerar Bakin Ƙofa

Ranar Asabar da hantsi, falon Mama Scholastica a unguwar Glenwood, can ƙasar waje, ya cika da ƙamshin gwaten acca, ita kuwa ta tsayar da Nanven gaban madubi tana gwada mata farin lulluɓin amare. Mama Scholastica ce shugabar zumuntar mata a cocin 'yan gida mazauna can, kuma ba ta yi wa kowa murmushi a banza. Amma tun da ɗanta tilo, Eric, ya kawo Nanven, bakinta bai rufu ba. Duk wadda ta gamu da ita a shagon kayan miya sai ta ji labarin surukar da Allah ya ba ta: 'yar dattijon coci daga Langtang, mai aiki a gidan kula da tsofaffi, wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Saura mako biyar biki.

Lulluɓin nan ba ado ba ne kawai. A al'adar cocinsu tun daga gida, amaryar da ba ta taɓa haihuwa ba ita ake rufe wa fuska. Wadda ta yi ciki a waje kuwa sai ta yi horo: wata uku a bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji. Mutanenmu sun ƙetare teku sun bar gonaki da kaburburan iyaye, amma bencin baya sun taho da shi.

Ana cikin gwaji wayar Nanven ta yi ƙara. Rifkatu ce daga gida, yarinya 'yar shekara tara da kowa ya sani a matsayin autar su Nanven. Ta leƙo a bidiyo da giɓinta tana roƙon Yaya ta juya ta ga bayan rigar. Mama Scholastica ta karɓi wayar, ta dubi yarinyar, ta dubi madubi, ta yi dariya ta ce kai, kamar an tsaga kara, wanda bai sani ba sai ya rantse Nanven ce ta haife ta. Ta kashe wayar, ta sauko da lulluɓin a hankali har ya rufe fuskar amarya.

Daga cikin lulluɓin muryar ta fito.

“Mama, ni na haife ta.”

Tana da shekara goma sha bakwai abin ya faru. Saurayin da ya yi mata cikin ya rantse ba nasa ba ne, ya kuma gudu. Mahaifiyarta ta kai ta ƙauye wurin wata gwaggo, ita uwar kuma ta riƙa ɗaura tsumma a ciki tana zuwa coci da shi har wata biyar, sannan ta yi tafiya ta dawo da jaririya a baya. Aka yi suna, aka yi wa dattijo barka da auta. Nanven na tsaye tana raba abinci, nono na zuba a rigarta. Shekara tara tana addu'a da baki, zuciyarta na ce mata Allah ya san ko ke wace ce.

Mama Scholastica ta fizge lulluɓin har da gashi. Ta ce ashe gwanjo aka kawo mata da sunan sabon kaya, ta ce ita ba za ta tsaya gaban matan zumunta ta yi wa ƙarya guɗa ba. Eric, da ya shigo daga wanke mota da soso a hannu, bai zagi kowa ba, kuma da ya yi zagin da ya fi sauƙi.

“Shekara biyu, Nan. Na faɗa miki komai nawa, everything. Ni ba yarinyar ce ta dame ni ba. Ni ban san wa nake so ba yanzu.”

Ya fita, bai kuma ɗauki wayarta ba.

Daga gida ma ba ta sami sanyi ba. Mahaifiyarta ta yi kuka a waya ta ce ita ta ɗauki tsumma wata biyar don ta rufa mata asiri, yau ga sakayya. Mahaifinta ya ajiye muƙaminsa. Rifkatu ta ji maganar a bakin maƙwabta, ta daina zuwa kusa da waya.

Fasto ya so a bar zancen horo, ya ce yarinya ta furta da bakinta ba wanda ya kama ta. Mama Scholastica ta ce in an bar wannan, gobe kowace 'ya sai ta yi. Dattawa suka bi ta, don ita ke dafa musu abinci ranar taro. Cocin wani tsohon shago ne da suke haya a Gate City Boulevard, tsakanin mai sayar da taya da mai gyaran farce, ba shi da benci ko ɗaya. Sai aka ɗauki kujerar ƙarfe mai naɗewa aka ajiye ta bakin ƙofa, wurin da ake rataye rigunan sanyi.

Da Nanven ta so, da ta koma wani coci, garin cike yake da su kuma ba mai tambaya. Amma ta gaji da zama inda ba a san ta ba. Kowace Lahadi ta zo ta zauna. Matan da ta yi wa kitso kyauta suka riƙa wucewa suna gyara gyale kamar ba su gan ta ba. Duk wanda ya buɗe ƙofa, iska ita take fara duka. Eric na can gaba kusa da uwarsa, ƙeyarsa kawai take gani, kuma hakan ya fi komai ci mata rai.

A Lahadi ta huɗu Fasto ya yi wa'azi kan gicciye. Ya ce ba a ɗaki aka kashe Yesu ba, a bakin hanya aka rataye shi tsirara, masu wucewa na kallo suna tofar da yawu. Ya ce ba zunubi kaɗai ya ɗauka ba, har da kunyar, don kada wani nasa ya sake yin rayuwa a ɓoye. Nanven ta yi kuka har rigar sanyin wani da ke gefenta ta jiƙe. A wannan kujerar ta fara yin addu'a ba tare da jin ana shirin korarta ba, domin babu sauran abin da za a gano.

A Lahadi ta bakwai, ana tsakiyar waƙa, Eric ya miƙe ya naɗe kujerarsa. Uwarsa ta riƙe masa hannu, ya zame. Ya ratsa coci da ita a hammata, ƙarfen na bugun ƙafafun mutane, masu waƙa suna rasa baiti. Ya buɗe ta kusa da Nanven ya zauna.

“Tashi, Eric,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Ba kai ka yi laifi ba.”

“Har yanzu ina fushi, ki sani. Amma mako bakwai ina kallon wadda ta faɗi gaskiya tana shan iska, mu masu shiru muna gaba. Nawa ma da za a tona, da kujerun nan ba su isa ba.”

Tare suka ƙarasa horon. Auren da aka ɗage, an ɗaura shi da bazara, mutane ba su kai rabin waɗanda aka gayyata ba. Mama Scholastica ta zo, ta ci abinci, ba ta yi guɗa ba, har yau kuma “yarinyar nan” take ce wa surukarta. Rifkatu ta yi wata shida kafin ta yarda ta ɗauki waya, tambayarta ta farko kuwa ita ce me ya sa aka bar ta. Nanven ba ta ɗora wa kowa ba, ta ce ta ji tsoro ne, ta roƙe ta gafara.

Mai karatu, gaskiya ta ci wa Nanven abubuwa da yawa, wasu ba su dawo ba. Amma asirin da mutum ya rufa maka, kai za ka yi ta gadinsa har ka mutu, alherin Allah kuwa sai ka fito fili yake rufe ka. Nanven ta yi haƙuri ta fito, ta sami mijin da ya san ta duka bai tafi ba, yanzu haka kuma shi ne ke cika takardun kawo 'yarsu.